Dan Allah a daina yi wa masu zuwa jarrabawar tuƙi da motar da aka yi wa canje-canje kuɗin goro

Malam Edita, assalamu alaikum, barkanku da aiki.

Ina roƙon ɗan fili a jaridar nan tamu in yi magana kan wata tambaya da kullum sai an yi min ita tunda sana'ata kenan koyar da tuƙi, wai shin mutum zai iya zuwa jarrabawar tuƙi da motar da aka yi wa canje-canje? Amsar da nake jin mutane suna bayarwa kala biyu ce kuma duk babu wadda ta zauna min. Wasu suce a'a sam, mota in dai an taɓa ta to ba a jarrabawa da ita, wasu kuma suce ai motarka ce da kuɗinka ka saya ba ruwan kowa da abun da ka liƙa mata. Toh ni dai abun da na gani shine mutum biyu ake haɗawa a magana ɗaya alhali ko kusa basu yi kama ba. Akwai matashin da ya dannar da motarsa ƙasa ya huda salansa ya baƙanta gilashi saboda a ganshi a ji shi, akwai kuma bawan Allahn da shan inna ya taɓa ƙafafunsa tun yana yaro aka mayar masa da birki da totur hannu don shima ya fita neman abun kansa. Na farko ra'ayi ne ya kaishi, na biyu dole ce, amma sai kaga an kore su tare ko kuma an karɓe su tare ba tare da an duba komai ba.

Kafin a yanke wa kowa hukunci ya kamata mu tuna da mutum na uku da kowa ke mantawa da shi, wato mai jarrabawar. Wannan mutumin zai shiga motar da bai sani ba, ya zauna gefen wanda bai taɓa gani ba, wanda kuma a hukumance ba a ma tabbatar ya iya tuƙin ba tukunna, su hau titi cikin manyan motoci. In motar makarantar koyon tuƙi ce yana da birki a ƙarƙashin ƙafarsa, in kuwa taka ce ta gida babu, daga bakinsa sai hannunsa da zai iya kai wa sitiyari. Kaga kenan duk dokar da za a sa wa motar jarrabawa daga nan take tasowa: zai iya zama lafiya, zai iya ganin titi ta ko'ina, kuma motar zata tsaya in an ce ta tsaya.

Zan kawo misalin Birtaniya don su sun rubuta nasu a fili kowa na iya karantawa. Hukumar DVSA da ke shirya jarrabawar tace zaka iya zuwa da motarka amma sai tana da inshorar da ta ƙunshi jarrabawa, an biya harajinta, in ta kai shekara 3 sai da takardar binciken lafiyar mota da suke cewa MOT. Kada wata fitilar gargaɗi ta kasance a kunne a dashbod. Tayoyi huɗu lafiyayyu, zanen kowacce ya kai zurfin milimita 1.6, kuma ba a yarda ka zo da 'yar siririyar safaya ɗin nan ta wucin gadi a ɗaure ba. Sai ƙarin madubi na ciki don mai jarrabawa ya riƙa ganin baya, sai bel a kujerarsa da matashin kai na ainihi ba irin wanda ake zurawa a saman kujera ba. Motar ta iya kai gudun mil 62 a awa wato wajen kilomita 100, nauyinta da kaya kada ya wuce kilo 3,500, sannan alamar L ta masu koyo gaba da baya. In ɗaya ya faɗi shikenan an soke jarrabawar kuma kuɗinka ya tafi. Ka duba da kyau babu inda aka ce "ba a son motar da aka taɓa", abun da aka lissafa kawai aka lissafa.

Amma fa a aikace yawancin kwalliyar da samari ke yi wa mota a cikin waɗannan ramukan take faɗawa. Ɗauki baƙin gilashi. A can doka tace gilashin gaba sai ya bar kashi 75 na haske ya wuce, na gefen direba da na gefen mai zaman gaba kashi 70, kuma gilashin da ya fito daga kamfani dama yana da ɗan duhunsa, don haka ko leda mara duhu sosai ka ƙara masa zaka iya tsallake layi baka sani ba. Na baya babu iyaka a doka amma in yayi duhun da mai jarrabawa baya ganin waje yana da ikon cewa ba zai fita ba. Sai sitiyari, yaro ya cire na kamfani ya sa ɗan ƙarami irin na masu tsere, toh jakar iskar da ke kare mutum in an yi karo, wadda ke cikin na asalin, ta tafi kenan, fitilarta ta kunnu a dashbod, wani ma sai ya je a cire masa ƙwan fitilar don kada a gani, haba dan Allah, wa ka cuta in ba kanka ba. Kujerun tsere ma haka, wasu basu da matashin kai yadda ake so, wasu an cire bel ɗin asali an sa wasu igiyoyi da in ka ɗaura su baka iya ko juyowa ka duba kafaɗarka, alhali duba kafaɗa kafin tashi yana cikin abun da ake maka maki a kai. Salansar da aka huda ko aka canza don ta fi ƙarar da aka amince wa motar da ita laifi ce tun kafin a zo maganar jarrabawa. Inshora kuma ita ce babbar matsalar da ba a gani da ido, in ka canza wa mota abu baka faɗa wa kamfanin inshora ba suna iya cewa yarjejeniyarku ta warware, kaga ka zo jarrabawa da motar da a takarda tana da inshora a gaskiya kuma babu. A Jamus abun ma yafi tsauri, canjin da ya shafi lafiyar mota in ba a kai masu bincike irin su TÜV sun duba an shigar a takardu ba, izinin hawa titin motar gaba ɗaya yana iya faɗuwa.

Abun da zai nuna maka ba ƙiyayyar gyara ake yi ba, akwai motocin da ko ƙusa ɗaya ba a canza musu ba daga kamfani amma DVSA bata karɓarsu. Toyota iQ, Smart Fortwo mai ƙofa biyu, Mini da Ford KA da VW Beetle masu buɗaɗɗen rufi, da motar kaya wadda bata da tagogin baya. Dalili ɗaya ne, mai jarrabawa baya iya ganin ko'ina daga inda yake zaune.

Ko da ace motar taka ta tsallake duk wannan, ni a matsayina na mai koyarwa bazan baka shawarar zuwa da ita ba in kwalliya ce. Motar da aka dannar ƙasa in kun zo kan tudun rage gudu sai ka bi shi a karkace kamar yadda ka saba, toh ka fita daga layinka kenan an rubuta maka. Kulocin tsere yana kamawa ne farat ɗaya, ga fargabar jarrabawa ƙafa na rawa, mota ta mutu a tsakiyar shataletale. Ƙarar salansa ta hana ka jin "sha kwanar hagu" sai ka ce me kace, me kace. A Birtaniya tuƙin bai wuce wajen minti 40 ba, ana yafe maka ƙananan kurakurai har 15 amma babba guda ɗaya ya isa ya kada kai, to me yasa zaka zo da motar da ita kanta zata riƙa jawo maka kuskure. Ka ci jarrabawarka da mota mai hankali, in ka karɓi lasin sai ka je kai da 'yan sanda ku ƙarata.

Yanzu ga inda nafi so a tsaya, wato kan masu lalura, don su ne ake zalunta in aka yi kuɗin goron. Mutane da yawa basu taɓa leƙa cikin motar mai lalura ba shi yasa suke ɗauka wani abun tsoro ne. Wanda ƙafafunsa basa aiki akan sa masa wani hannu a gefen sitiyari a motar otomatik, in ya ja shi wajensa mota ta tafi, in ya tura gaba birki ne, kuma an yi shi haka da gangan saboda in an taka birki jikin mutum gaba yake tafiya, sai nauyinsa ya ƙara danna birkin maimakon totur. Tunda hannu ɗaya ya tafi can sai a ɗaura wani ɗan ƙwallo a jikin sitiyari da zai riƙa juya shi da ɗaya hannun, wani lokaci a jikin ƙwallon akwai maɓallan sigina da hon da waifa da fitila don kada ya saki. Wanda ya rasa ƙafar dama ko shanyewar ɓarin jiki ta taɓa masa ita sai a sa masa totur a hagun birki a naɗe na daman ko a rufe shi, wannan kuwa yana son horo sosai musamman ga wanda ya taɓa tuƙa mai giya, don ƙafar hagu ta saba da danna kuloci har ƙasa, ka ga in ta yi wa totur haka ai sai Allah. Gajeren mutum a ƙara masa tsawon fedal a ɗaga kujera. Wanda wuyansa baya juyawa a ƙara masa madubai. Akwai ma motocin da mutum ke shiga da kekensa ta baya ya tuƙa yana zaune a kai an kulle keken da ƙasan motar. Duk wannan ba don gayu aka yi ba, in ka ce ya zo da motar da ba a taɓa ba ka ce masa kada ya zo kenan, kawai dai baka faɗa da baki ba.

Kuma an daɗe da samo hanyar da za a bi ba tare da an cuci kowa ba. A ƙasashen Tarayyar Turai da Birtaniya mutum zai yi jarrabawa da motar da aka gyara masa, in ya ci sai a rubuta lamba a bayan lasin ɗinsa da ke nuna da irin motar da aka yarda ya tuƙa. Lamba 10 giyar da aka gyara, 15 kuloci, 20 birki, 25 totur, 35 maɓallai irin su sigina da fitila, 40 sitiyari, 42 madubi, 43 kujera, 78 otomatik kaɗai. Mai sa tabarau ma yana da tasa, 01, kuma ban taɓa jin wanda yace a hana mai tabarau jarrabawa don ya zo da abun taimako ba. Ɗan sanda in ya tsayar da kai ya duba lambar ya duba motar, in sun dace ka wuce in basu dace ba kayi laifi. A Birtaniya dole ne ka sanar da hukumar DVLA mai ba da lasin duk wata lalura da zata iya shafar tuƙinka, wanda ya ɓoye ana iya cinsa tarar har fam 1,000, sannan akwai cibiyoyin gwaji ƙarƙashin Driving Mobility inda ƙwararru ke auna ƙarfin hannunka da saurin taka birkinka su faɗa maka kayan da suka dace da kai tun kafin ka kashe kuɗi.

Wani abun mamaki a tarihi, a Birtaniya masu lalura aka fara yi wa jarrabawar tuƙi a dokar 1930, sauran jama'a sai 1935 aka tilasta musu. Wato tun farko su aka fi zargi. Daga baya gwamnati ta riƙa basu wata 'yar mota shuɗiya mai taya uku da kujera ɗaya da aka fi sani da Invacar, mutum shi kaɗai ba mata ba 'ya'ya a gefe, har aka gane gara a gyara motar kowa da kowa ta dace da shi, aka kafa shirin Motability na taimaka wa masu lalura samun mota a 1977, su kuma shuɗayen aka janye su daga titi gaba ɗaya a 2003. Wanda kuma har yanzu yake ganin totur ɗin hannu wasa ne ya nemi labarin Alex Zanardi ɗan Italiya, direban tsere da ya rasa ƙafafunsa biyu a hatsari a filin Lausitzring na Jamus a 2001, aka gyara masa BMW ya dawo, a 2005 ya ci tsere a gasar duniya yana karawa da masu ƙafa biyu.

Sai dai fa Malam Edita akwai wata cutar ta ɗaya gefen da ita ma bana goyon baya, wato tausayi. Mai jarrabawa yaga mutum ya sauko daga keke da ƙyar sai zuciyarsa ta karye yace a bashi kawai, Allah sarki. A'a wallahi. Titi baya tausayin kowa, yaron da zai tsallako da gudu bai san wanda ke cikin motar da hannu yake birki ba. A tsarin Birtaniya ana ƙara wa mai lalura lokaci ne don ya shiga mota a natse, su tattauna da mai jarrabawa kan yadda kayan ke aiki, kurma a nuna masa hanya da alamar hannu ko a rubuce, amma tuƙin da za a auna iri ɗaya ne da na kowa, karanta lambar mota daga mita 20 ɗaya ne, ribas ɗaya ne, adadin kurakurai ɗaya ne. Su kansu masu lalurar da nake hulɗa da su basa son a basu lasin sadaka, don sun san ranar da wani abu ya faru cewa za a yi dama wa yace a ba gurgu mota.

Haka kuma ba duk abun da aka kira gyaran lalura bane za a rufe ido a karɓa. Sandar ƙarfen da mai walda ya lanƙwasa ya ɗaure da fedal ɗin birki da waya ko da kusa ɗaya, in ta zame ana cikin gudu fa? Mai ƙafa yana da mafita, shi wannan babu. Don haka a duba ta kamar yadda ake duba birkin kowa, a ja a tura da ƙarfi mota a tsaye, a ga bata taɓa gwiwa, bata hana sitiyari juyawa har ƙarshe, bata tare jakar iska, kuma in wani mai ƙafa zai tuƙa motar fedal ɗin asali suna nan suna aiki. Anan ne nake ganin ya kamata mai jarrabawa ya zama ya san abun da yake kallo, don sau da yawa korar da ake yi wa mutane ba mugunta bace, rashin sani ne, yaga abun da bai taɓa gani ba tsoro ya kama shi sai ya fake da cewa doka ta hana, ka ce ya nuna maka dokar kuma babu.

Su kuma masu cewa duk wani abun taimako a mota maguɗi ne, zamani ya riga ya wuce su. Kyamarar ribas, na'urar da ke ƙara in ka kusa bango, birkin hannu na maɓalli, da wanda ke riƙe mota a kan tudu kada ta koma baya, duk DVSA ta yarda a yi jarrabawa da su, tun Disambar 2017 ma bin taswirar na'ura ya shiga cikin jarrabawar kanta. Ita ma lamba 78 ɗin an fara sassauta ta, a Jamus tun Afrilun 2021 zaka iya jarrabawa da otomatik a baka lasin da ya haɗa da mai giya in kayi darasi 10 a mai giya malaminka ya gwada ka na minti 15 ya shaida, suna kiransa B197, kuma dole a je nan tunda motocin lantarki basu da kuloci kwata-kwata.

Abun da nake roƙon hukumomin ba da lasin a ko'ina suke shine su rubuta sharuɗɗan motar jarrabawa a takarda ɗaya da harshen da mutane ke ji, a ba mutum tun ranar da ya yi rajista ba sai ranar jarrabawa a bakin ƙofa ba. A sa gurbi a fom inda mai lalura zai faɗi irin gyaran da ke motarsa don a turo masa mai jarrabawar da aka horar a ware masa isasshen lokaci, in ya ci a rubuta sharaɗin a jikin lasin. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu buƙata ta musamman ta 2006, sashe na 20, ta ɗora wa ƙasashen da suka amince da ita nauyin sauƙaƙa wa mutum zirga-zirga da kansa da samun kayan taimako da horo, kuma yawancin ƙasashen duniya sun amince. Shi kuma ɗan samarin nan mai baƙin gilashi a nuna masa layin da motarsa ta karya a takardar, ya je ya ɓare ledar ya dawo da sitiyarin kamfani ya sake karɓar rana.

Na gode da wannan fili, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wani mai koyar da tuƙi